Askin Wardi

Sanda ce, tsawon kamu ɗaya,
Baba Labbo ya zaro daga aljihun riga,
naɗe da jiƙaƙƙen tsumma.
Wani direban tumatir ya taho masa da ita daga Jos.
Nomau ya leƙo ta kan danga yana dariya:
"Miya ake yi da shi, ko rini?
A nan Mafara, inda rana ke gasa tafin ƙafa?"

Baba bai tanka ba.
Shekara talatin yana buɗe ƙofar ruwa a Bakalori,
ya san abin da ƙasa ke so tun ba ta tsage ba.
Ya haƙa rami gabas da rumbu,
inda hantsi ke sauka,
azahar kuma inuwa ta rufe.
Lakar fadama kwano biyu, yashi kwano ɗaya,
kashin akuya wanda ya shekara ya huce.
"Ɗanyen taki wuta ne, Ige,
ba a ba jariri tuwo da zafinsa."
Ya barbaɗa toka kewaye saboda gara.

Ni ce mai buta.
Da asuba, kafin kaji su sauko,
a gindi nake zubawa, sannu, kamar mai raɗa.
Ran da na watsa a ganye ya kwana jiƙe,
baƙin tabo ya fito masa kamar ƙyanda,
na tsince, na ƙone, na sha faɗa.

Bazara ta zo, muka kafa masa zana.
Darɓa ta taru a kan toho,
muka daka ganyen dogon yaro da sabulun salo
muka yayyafa da yamma.
Akuyar Nomau ta keto sau ɗaya,
ta ci rabi, ƙaya ta karɓi kuɗinta a leɓe.

Shekara ta uku yana ta rufe idon Baba.
Farar ƙasa, farin sama, in ji shi, duk kunu ne.
Sai ya koma gani da yatsu.
Yakan tsuguna ya bi reshe daga ƙasa,
ƙaya na sukarsa, bai ko janye hannu.

Ƙarshen damina ya miƙo mini almakashi.
"Ya yi gashi da yawa. Yi masa aski."
Na ce, Baba, furanni huɗu ke kai.
Ya ce, "Har gwiwa."
Ya kama hannuna ya ɗora kan wani ɗan ƙullutu:
"Wannan shi ne ido.
Nemi wanda ke kallon waje,
ki yanke samansa a karkace, ruwa ya zame.
Busasshe, fitar. Mai gogar ɗan'uwansa, fitar.
Bar tsakiya iska ta ratsa."

Na yanka ina cije baki.
Abin da ya saura sanduna biyar ne tsirara,
kamar hannun mai roƙon ruwa.
Kwana tara ban iya duban wajen ba.
Nomau ya ce, "To, an huta."

Rana ta goma, ja ya tsattsafo,
ja irin na goron da aka tauna,
daga kowane idon da makaho ya zaɓa.

Yau da safe, sanyi na shigowa,
yana zaune kan turmi, ya ɗaga hanci.
"Bakwai suka buɗe."
Na ƙirga. Na ce shida ne, Baba.
"Duba ta bayan rumbu."
Na sunkuya, ga shi can ya ɓuya,
ƙarami, raɓa na rawa a bakinsa.

Ta kan danga sai ga hular Nomau,
da jiƙaƙƙen tsumma a hannu.
Wai ba don shi ba,
Hajo ce ta dame shi.